Me ya sa ake wuni a layin asibiti?

Malam, ka tambayi me ya sa mutum ke sammako zuwa asibitin karkara amma sai bayan azahar yake ganin likita, da yadda za a gyara. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Jigawa, kuma abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, amma a ɗakin kati layi ke fara cushewa. Mutum ɗaya ke yankar kati, shi ke tono tsohon fayil cikin kwali. Da muka buɗe taga biyu, sababbi daban masu dawowa daban, muka jera fayil bisa lamba, kafin hantsi benci ya ragu.

Sai tantancewa a bakin ƙofa. Na taɓa ganin uwa da yaro a goye yana jijjiga, tana can ƙarshen layi, kunya ta hana ta magana. Wallahi har yau abin yana damuna. A sa ma'aikaciya ɗaya tana bin layi tana duba zafin jiki da numfashi. Mai jijjiga, mai zubar jini da mai naƙuda su wuce kai tsaye. Da damina kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawa, a yi gwajin jinin yatsa tun a layi. Minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, mutum ya shiga wurin likita da takardarsa a hannu.

Kuma kada a sa awon ciki ranar kasuwa, don ranar ce motocin ƙauye ke sauke kowa lokaci ɗaya.