Tambaya da Amsa: Power BI Ya Dame Ni da Neman Kalmar Sirri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin sayar da takin zamani a nan Sakkwato. Da manhajar Power BI muke haɗa rahoton ciniki, bayanan kuma suna cikin manhajar rumbun bayanai ta SQL Server a wata kwamfuta ta ofis. Kusan duk lokacin da na zo sabunta rahoto sai an tambaye ni sunan shiga da kalmar sirri, haka ma idan na tura wa manajanmu fayil ɗin. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Power BI ba ya ajiye kalmar sirri a cikin fayil ɗin rahoto, yana ɓoye ta ne a kwamfutar wanda ya shigar da ita, a ƙarƙashin asusunsa na Windows. Don haka tambayar da ake yi wa manajanku ba matsala ba ce, da gangan aka tsara hakan, kuma idan ya shigar da tasa sau ɗaya ya kamata a ƙyale shi.

Matsalarki ce ke buƙatar bincike. Manhajar tana ɗaure kalmar sirri da sunan saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, daidai yadda aka rubuta shi, ta yadda idan a wani teburin bayanai an sa sunan kwamfutar, a wani kuma an sa lambarta ta IP (adireshinta a hanyar sadarwa), to a wurinta wurare biyu ne daban, kowanne da tasa tambayar. Ki shiga File, sannan Options and settings, sannan Data source settings, ki duba jerin da ke ciki. Idan kin ga saba ɗaya da suna biyu, ki mayar da su suna ɗaya, ki danna Clear Permissions domin share tsohuwar kalmar da ta maƙale, sannan ki shigar da sabuwa. Maƙalewar tsohuwar kalma ta fi faruwa bayan an canza kalmar sirri a ofis, domin manhajar za ta ci gaba da miƙa tsohuwar ana mayar mata da ita. Excel ma yana da wannan wurin a ƙarƙashin Get Data.

Idan kuma kuna ɗora rahoton a shafin Power BI na intanet, ki sani cewa kalmar sirri ba ta bin sa can. Tunda bayananku suna cikin ofis, sai an girka manhajar da ake kira On-premises data gateway a kwamfutar da ba a kashewa, a shigar da bayanan shiga a cikinta, a kuma tabbatar sunan saba da na rumbun bayanai sun yi daidai da na cikin rahoton. Da lasisin Power BI da ake kira Pro ana iya tsara sabuntawa har sau 8 a rana ba tare da kowa ya taɓa komai ba, muddin akwai wuta da intanet a lokacin, wanda a garinmu sai da inbata ko sola ake samun tabbacinsa.

A nan ina ba ki shawarar kada ki sa asusunki na kanki. Ki nemi mai kula da kwamfutocinku ya buɗe asusu na musamman wanda karanta bayanai kawai zai iya, ban da gogewa ko gyarawa, domin ranar da kika canza kalmarki ko kika bar aikin duk rahotannin da ke rataye da sunanki za su tsaya cik.

Akwai kuma agogo, wanda ba kasafai ake kula da shi ba. A ofisoshin da ake shiga da asusun Windows na kamfani, tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda agogon kwamfuta da na saba su saɓa da fiye da minti 5, sai dai idan an canza wannan ƙa'ida. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan tashi da kwanan wata na shekarun baya bayan an ɗauke wuta, sai a yi ta ƙin karɓar kalmar sirrin da take daidai. Ki dubi kusurwar allonki kafin ki kira mai gyara, idan lokacin ya kauce a sauya batirin, a kuma saita agogon ya riƙa daidaita kansa da na sabar ofis.