Me 'yan majalisa suke zuwa yi a Riyad, alhali akwai jakada?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Jidda ne, kuma lokaci zuwa lokaci ina ganin labarin tawagar 'yan majalisar Najeriya ta ziyarci Majalisar Shura a Riyad, an yi musabaha an ɗauki hoto. Ashe hulɗa da ƙasashen waje ba aikin jakada da ma'aikatar harkokin waje ba ne? Kuma tunda ba zaɓen 'yan Shura ake yi ba, a kan me suke zama da zaɓaɓɓu? Shin wannan zirga-zirga tana taɓa mu masu fama da igama, wato takardar izinin zama, da biza?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi gaskiya a kan abu na farko. Ƙulla yarjejeniya da rattaba mata hannu da sunan ƙasa aikin ɓangaren zartarwa ne, wato shugaban ƙasa da ministansa da jakadunsa, kuma duk girman tawagar 'yan majalisa ba ta da ikon ɗaure ƙasarta da wani alkawari. Sai dai abin da jakada ya ƙulla a waje, a gida ake ba shi rai, kuma a nan ne majalisa take shigowa. Sashe na 12 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa babu wata yarjejeniya tsakanin Najeriya da wata ƙasa da za ta yi aiki a matsayin doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991, amma sai a 2003 aka samu dokar tarayya a kanta, bayan nan ma sai da aka jira majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma Majalisar Dattawa ce take tabbatar da jakadun da shugaban ƙasa ya zaɓa, majalisun biyu kuma su suke amincewa da kasafin kuɗin da ofishin jakadanci na Riyad da ƙaramin ofishin da ke Jidda suke gudanar da aiki da shi. Wanda alƙalaminsa yake kan doka da kuɗi, dole ƙasashen waje su so saninsa.

Wannan hulɗa ba sabuwa ba ce. A 1889 wani ɗan majalisar Birtaniya, William Randal Cremer, da takwaransa na Faransa, Frédéric Passy, suka jagoranci kafa Ƙungiyar Majalisun Dokoki ta Duniya a birnin Paris, wadda ake kira IPU a taƙaice, da nufin ƙasashe su riƙa warware rigingimunsu ta hanyar sulhu maimakon yaƙi. Ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da fiye da shekara 50. Hedikwatarta tana Geneva, tana da mambobi kusan majalisu 180, tana kuma yin babban taro sau biyu a shekara. A 2014 Martin Chungong na Kamaru ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban sakatarenta, a 2023 kuma aka zaɓi Tulia Ackson ta Tanzaniya shugabarta. Ban da ita akwai ƙungiyar majalisun ƙasashen Musulmi da aka kafa a 1999 mai mazauni a Tehran, da Majalisar Larabawa a Alƙahira, da majalisar ECOWAS a Abuja.

Abin da ya bambanta waɗannan taruka da na ministoci shi ne tawagar majalisa takan ƙunshi 'yan jam'iyya mai mulki da 'yan adawa, kuma maganar da ɗan majalisa ya yi ba ta zama matsayin gwamnati. Wannan rauni ne, amma kuma shi ne amfaninta, domin ɗan majalisa yana iya faɗin abin da jakada ba zai iya furtawa ba, ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren, idan maganar ba ta karɓu ba babu wanda ya ji kunya. Ƙasashen da ba sa ga maciji da juna sukan haɗu a zaure ɗaya a irin wannan taro lokacin da sauran ƙofofi suke rufe.

Game da Majalisar Shura kuwa, Sarki ne yake naɗa mambobinta na tsawon shekara huɗu. Sarki Fahad ya fitar da dokarta ta yanzu a 1992, ta fara da mutum 60, aka yi ta ƙarawa har ta kai 150 a 2005, sannan a 2013 Sarki Abdullah ya naɗa mata 30 a cikinta. Ba ta da ikon zartar da doka da kanta irin na Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ko ta Wakilai mai 360, kuma bai kamata a ɓoye wannan bambanci ba. Amma dokarta ta ba ta aikin nazarin dokoki da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa kafin a fitar da su da umarnin Sarki, tana kuma duba rahoton shekara-shekara na ma'aikatu. Saboda haka duk yarjejeniyar da ta shafi ɗaukar ma'aikata ko sufurin jiragen sama tsakanin Saudiyya da wata ƙasa takan bi ta teburin kwamitocinta. An karɓe ta a IPU a 2003, kuma tana da kwamitocin abota da majalisun wasu ƙasashe, waɗanda su ne sukan tarbi irin tawagar da kake gani a hoto. A ganina, tunda nan ne ake tantance takardar, rashin zaɓe ba dalilin ƙin zama da su ba ne.

Akwai abin da ya faru a nan Saudiyya da yake nuna iyakar wannan hulɗa da kuma fa'idarta. A aikin Hajjin 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare ɗaruruwan mata maniyyata 'yan Najeriya a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka mayar da wasu gida, Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa tawagar da za ta tattauna da Saudiyya, ya ɗora Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, a kanta. A lura da cewa shugaban ƙasa ne ya ba shi wannan aiki, ba majalisa ba, amma a ganina an zaɓi kakakin ne saboda nauyin kujerarsa da kuma kasancewar matan da abin ya shafa daga mazaɓun abokan aikinsa suka fito.

Duk da haka, ba kowace tafiya ce take haifar da ɗa mai ido ba. Kudurorin IPU ba sa tilasta wa kowace ƙasa, kuma akwai tawagogin da ake shiryawa dab da lokacin Umara, a cika su da masu rakiya, a dawo ba tare da an gabatar da rahoto a zauren majalisa ba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne abin da ya biyo bayan dawowa: an gayyaci minista ko shugaban hukumar alhazai ya yi bayani? An ƙara wa ofishin Jidda kuɗi da ma'aikata a kasafi? An mayar da wata yarjejeniya doka?

A kan igama da biza, tawagar majalisa ba za ta sabunta maka igama ba, ba za ta kuma raba ka da kafili (mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar) ba, domin wannan yana hannun hukumomin Saudiyya, taimakon da ƙasarka za ta yi maka kuma ta ofishin jakadanci yake bi. Inda majalisa take amfani shi ne idan matsalar ta zama ta jama'a, kamar jinkirin fasfo ko halin waɗanda suke jiran a mayar da su gida. A irin wannan hali ƙungiyar mazauna tana iya rubuta koke mai ɗauke da ranaku da hujjoji, ta aika ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku na gida zuwa kwamitin sauraron koke-koken jama'a ko na 'yan Najeriya mazauna waje, ta kuma nemi a ba ta lokaci a jadawalin duk tawagar da za ta biyo ta Jidda.