Hukuncin Dasa Bawul Ɗin Alade a Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 26, bawul ɗin zuciyata, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa don jini ya wuce, ya lalace. Likita ya ce ko a sa mini na ƙarfe, ko na tsokar dabba, wanda suke da shi kuma na alade ne. Ina son haihuwa. Ya halatta? Ya matsayin sallata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Asalin wannan babi shi ne hadisin Arfaja ɗan As'ad da Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, sai ya yi wari. Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Abin da aka duba shi ne wanda jiki zai iya zama da shi.

Allah Ya sanya wa jiki dakarun tsaro. Da zarar an dasa baƙon abu, sinadaran furotin na jini sukan lulluɓe shi, sai fararen ƙwayoyin jini su iso. Cikinsu akwai makrofaj, masu haɗiye duk abin da ba su sani ba. Idan abin ya fi ƙarfin haɗiya, sukan haɗe su zama manyan ƙwayoyi su manne masa, daga baya jiki ya naɗe shi da tsoka mai tauri irin ta tabo. Tsokar dabba kuwa, da za a dasa ta ɗanya, da jiki ya far mata nan take. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1960, bayan aikin likitan Faransa Alain Carpentier, ake jiƙa ta da sinadarin gulutaraldehaid don rage wannan faɗa. Ragewa ce kawai. A hankali kalsiyam, sinadarin da ke sa ƙashi tauri, yakan taru bawul ɗin ya ƙandare, galibi cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matasa ma ya fi saurin lalacewa. Ki san wannan tun yanzu: mai yiwuwa a sake yi miki aiki.

Na ƙarfe ya fi ƙarko, amma jini yana daskarewa a kansa, dole a sha maganin tsinka jini na warfarin har ƙarshen rayuwa, shi kuma yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a farkon ciki. Wannan uzuri ne da shari'a take saurara, don kiyaye zuriya yana cikin manufofinta.

Saboda haka, ki fara tambaya ko za a samu wanda aka yi da tantanin zuciyar saniya, domin akwai shi. Idan ya samu kuma ya dace da ke, shi za ki ɗauka. Idan bai samu ba, ko ƙwararren likita amintacce ya ce na aladen ne ya fi dacewa, ya halatta, babu laifi a kanki. Allah Ya ce a aya ta 173 ta Baƙara, bayan haramta naman alade, wanda aka matsa, ba mai zalunci ba kuma ba mai ƙetare iyaka ba, babu zunubi a kansa. Imam Nawawi ma ya bayyana cewa wanda ya ɗora ƙashinsa da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki, yana da uzuri.

Sallarki ta inganta, haka alwalarki da azuminki, domin abin da ya ɓuya a cikin jiki ba a ɗora masa hukuncin najasar da ake wankewa. Kada waswasi ko maganar mutane su sa ki jinkirta aikin har zuciyar ta gaji.

Wallahu a'alam.