Abokin Ciniki, Shimfiɗar Fuska da Gyara: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Kasuwa

Wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, yaran shagona ba sa cewa komai sai kwastoma, ni kuwa abokin ciniki na taso ina ji. Akwai bambanci a tsakaninsu?"

Alhaji, kwastoma kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ta zauna daram har ta yi jam'i irin na Hausa, wato kwastomomi, saboda haka ban ga dalilin hana yaranka faɗinta ba. Abin lura shi ne yadda Bahaushe ya tanƙwara ta. A wurin masu ita mai saye kaɗai take nufi, amma a kasuwanninmu za ka ji uwargida tana kiran mai tumatir ɗin da ta saba da shi kwastomanta, shi ma yana kiranta haka. A ganina, ma'anar abokin ciniki ce ta rinjayi baƙuwar kalmar. Aboki a irin wannan gini ba lalle ne ya zama amini ba, tunda muna da abokin tafiya da abokin aiki, har ma da abokin gaba. Abin da yake nunawa shi ne mutum biyu sun yi tarayya a cikin al'amari guda, kowa da haƙƙinsa a kan ɗan'uwansa. Wanda ya shigo sau ɗaya ya biya ya fita, mai saye ne kawai. Sai ka san irin zanen da yake so da lokacin da yake saro kaya, ka tuna ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya har ka tambayi jikinta, sannan sunan ya dace da shi.

Wata mai ɗinki daga Maraɗi kuma ta tambayi ko karin maganar nan, "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", ta shafi ciniki, ko kuwa maganar karɓar baƙi ce kawai.

Hajiya, asalinta maganar baƙunta ce: sakin fuskar mai masauki ya fi wa baƙo daɗi a kan duk abin da za a shimfiɗa masa. Sai dai a tarihin fataucin Hausawa baƙunta da ciniki ba su rabu ba. Fataken da suke zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, da masu kai shanu Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan a ƙarni na 20, a gidan maigida suke sauka, wanda wasu ke kira fatoma. Shi ne mai ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya musu idan an sayar da kayansu bashi, abin da yake samu kuwa kason la'ada ne. Tabarma kowane maigida yana da ita. Abin da yake sa falke ya dawo gida ɗaya shekara da shekaru shi ne ya tarar an san shi, ana cigiyar iyalinsa, kuma amanarsa ba ta taɓu ba. Don haka karin maganar ta shafi shagonki kai tsaye, amma kada a ɗauke ta murmushin da ake yi wa kowa ba tare da an dube shi ba, domin Hausa tana da wani suna na daban ga wannan, wato yaƙe.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Zariya: mene ne bambancin ragi da gyara?

Ragi a kuɗi ake yin sa, yayin da ake tayi, mai kaya yana cewa albarka har a kai inda zai sallama. Gyara kuwa a kaya ne, bayan ciniki ya faɗa, kamar ƙosai biyu da mai tuya take ƙarawa, ko ɗan jimƙin gero da ma'auni yake zubawa a kan mudu. Masu saye kan roƙi gyara, ba kuma abin kunya ba ne, amma gyaran da ake tunawa shi ne wanda aka bayar ba a roƙa ba, musamman idan mai kaya ya ce a kai wa yara. Kuɗinsa kaɗan ne idan an gwada shi da ragi, sai dai ragi kowa yana samu in ya iya tayi, gyara kuwa mai kaya ne yake duba fuskar mutum ya ƙayyade yawansa.