Maigidana ba ya sauraron kowa sai tsohon sajensu: hirar 'yan mazan jiya tana magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya yi shekara 14 a soja, sau biyu ana tura shi bakin daga a Borno, bara ya bar aiki. Tun da ya dawo ba ya barcin kirki. In babur ya buga salansa a bakin layi sai ya zabura ya kwanta ƙasa, daga baya kunya ta kama shi ya huce a kan yara. Da tiramol ya fara wai don ciwon baya, yanzu har da giya. Na kawo maganar asibiti ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Abin da na lura, duk ranar da wani tsohon sajensu ya zo, sai su raba dare suna hira a zaure, ranar kuma yakan samu barci. Na ji an ce a Amurka tsofaffin sojoji ake ɗauka aiki su riƙa ba 'yan'uwansu shawara. Da gaske hakan yana magani, ko dai hira ce kawai? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma sannu da haƙuri.

Abin da kika gani a zaurenku, da shi aka fara a Amurka. A ƙarshen 1970 wasu samari da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka fara haɗuwa a wani ofis a birnin New York, su zauna su amayar da abin da ke cikinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Robert Jay Lifton da Chaim Shatan, sukan zo zaman, amma a cikin da'ira suke zama kamar kowa, sojojin ne masu ɗaki. Abin da aka ji a irin waɗannan zama yana cikin dalilan da suka sa a 1980 aka shigar da ciwon firgicin bayan tashin hankali, wanda ake taƙaitawa da PTSD, cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka. Zaburar da kika ambata, da rashin barci, da saurin fushi, duk suna cikin alamominsa, kodayake sai an zauna da mutum ake tabbatarwa.

A 1979 majalisar dokokin ƙasar ta amince a buɗe cibiyoyin shawara na 'yan mazan jiya. Wanda ke shugabantar hukumar tsofaffin sojoji a lokacin, Max Cleland, gurneti ya raba shi da ƙafafu biyu da hannu ɗaya a Biyetnam, ya san inda ɗakin yake yoyo. Da gangan aka fitar da cibiyoyin daga harabar asibiti aka kai su cikin unguwanni, a jerin shaguna, aka cika su da ma'aikatan da su ma sun je yaƙin. Dalili kuwa shi ne maganar nan ta maigidanki: ni ba mahaukaci ba ne. Mutumin da ba zai taka ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa ba, zai leƙa shago ya sha shayi da wanda suka ci tuwon bariki ɗaya. Yau cibiyoyin sun kai kimanin 300. A 2012 kuma Shugaba Obama ya ba da umarnin a ɗauki tsofaffin sojoji 800 aiki a matsayin masu tallafa wa 'yan'uwansu a asibitocin hukumar.

Akwai wani labari da nake so. Wani alƙali a birnin Buffalo na Amurka, Robert Russell, yana da kotu ta masu matsalar shaye-shaye da ta ƙwaƙwalwa. Wani tsohon sojan Biyetnam ya sha zuwa gabansa kai a sunkuye, kafaɗa a sake, ana tambayarsa yana gunguni. Rannan alƙalin ya ce wa wasu mutum biyu da ke wurin, su ma 'yan mazan jiya, su fita da shi baranda su yi magana. Ba su daɗe ba suka dawo. Mutumin ya tsaya ƙyam irin tsayuwar fareti, ya dubi alƙali ido cikin ido, ya ce zai ƙara ƙoƙari. Daga nan aka buɗe kotun tsofaffin sojoji a garin a 2008, inda ake haɗa wanda ake tuhuma da wani tsohon soja mai ja masa gora, wasu jihohin suka kwaikwaya.

To, yana magani? Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce ƙarfinsa yana wajen buɗe ƙofa. Bincike ya fi nuna amfaninsa wajen sa mutum ya yarda ya je asibiti, ya daure bai yanke zuwa ba, ya rage kaɗaici, ya daina ganin kansa a matsayin rago. Wajen kawar da ainihin ciwon kuwa, hujjar ta fi ƙarfi a hannun ƙwararru: zama ne na musamman, yawanci takwas zuwa goma sha shida, inda ake bi da mutum ta cikin abin da ya gani sannu a hankali har tunanin ya daina fizgarsa, wani lokaci a haɗa da magani irin sertraline. Abokin bariki ba zai iya wannan ba. Amma likita ma ba zai iya abin da saje yake yi ba, don soja yakan ɗauka farar hula ba zai gane ba, ko kuma zai ƙyamace shi in ya ji abin da hannunsa ya aikata, ko wanda ya bari a baya.

Sai dai ba kowace majalisar tsofaffin sojoji ce shawara ba. A tsarin Amurka, kafin a ɗauki mutum wannan aiki sai ya kasance shi ma ya sha fama da ciwon ko shaye-shayen, ya yi aƙalla shekara guda yana kan turbar murmurewa, an horar da shi ya samu takardar shaida, kuma akwai ƙwararre a samansa. Ana koya masa sauraro, da riƙe sirri, da yadda zai ba da nasa labarin gwargwadon buƙata ba tare da ya mayar da zaman gasar wa ya fi ganin gawa ba, da kuma gane lokacin da abu ya fi ƙarfinsa. Sojojin ruwan Birtaniya ma suna da nasu tsarin, TRiM: abokin aiki da aka horar yakan zauna da waɗanda suka ga tashin hankali bayan kamar kwana uku, ya sake dubawa bayan wata guda, wanda bai warware ba ya miƙa shi asibiti. Ba a tilasta wa kowa tona abin da ya gani, don an gano cewa matsa wa mutum ya zazzage komai a zama ɗaya ba ya hana ciwon, wasu ma ƙara musu yake.

Shi ya sa tambayar farko ita ce: shi sajen, yana sha? Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun sojojin Amurka da suka baro Biyetnam a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da jarabar hodar heroin a can, amma a cikinsu kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai suka koma cikin jarabar a shekarar farko bayan dawowa gida. Sauya wuri da sauya abokan zama yana cikin manyan dalilan da aka bayar. Haka abin yake in aka juya shi: idan hirar zaure da kwalba ake yin ta, zama da maɗaukin kanwa ne, kuma barcin da kika gani na giya ne.

In kuwa sajen mutumin kirki ne, kin samu abin da wasu ke nema da kuɗi. Kada ki bi ta bayan maigida a ɓoye. In ya gano, ku biyun zai daina amincewa da ku. Ki ce masa kin lura yana samun sauƙi in Saje ya zo, kina so ku zauna ku uku, ko a haɗa da yayansa. Roƙo ɗaya za a yi wa Saje: ya raka shi ganin likita, ya shiga da shi, ya jira shi. A fara da maganar barci da ciwon baya, waɗannan ba abin kunya ba ne a wurin soja. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai sashen a asibitin koyarwa na Shika kusa da ku, akwai kuma asibitin soja na 44 a Kaduna. Reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion na jiharku ma wuri ne da za a iya samun wasu irinsa. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, a haɗa su.

Abu biyu ne ba na so a bar wa abokai. Na farko, kada kowa ya sa shi ya yanke giya ko ƙwaya rana ɗaya don nuna jarumta. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya daina kwatsam, zai iya kamuwa da karkarwa, jijjiga da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan yana kisa. Tiramol mai yawa shi kansa yana kawo jijjiga, haɗa shi da giya ko maganin barci kuma yana iya tsayar da numfashi. Likita ne zai tsara yadda za a rage. Na biyu, in ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, ko ya ɗaga miki hannu ko yara, ranar za a tafi asibiti. Ki kira 'yan'uwansa maza, a raba shi da duk wani makami da tarin ƙwayoyin da ke gidan, ke da yara ku kwana inda kuke da aminci.

Ki sake rubuto mini bayan kun yi zaman da Saje, ki haɗa da yawan tiramol ɗin da yake sha a rana da kuma tun yaushe ya fara.