Tambaya da Amsa: Ta Ina Mai Koyon Haɗa Wasan Kwamfuta Zai Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina koyon haɗa wasan kwamfuta. Na fara da Unity, na koma Unreal, yanzu kuma an ce mini Godot ta fi. Muddin bidiyon koyarwa yana gabana ina bi daki-daki, amma da na rufe shi sai in rasa inda zan kama. Burina shi ne wasa mai babban gari da motoci da dogon labari. Wace manhaja ce ta dace da ni? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan shafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowace daga cikin manhajoji ukun da ka ambata ta isa ta kai ka inda kake so, don haka ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta aƙalla wata shida. Unreal ta kamfanin Epic Games tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Unity, wadda ta fito a 2005, da harshen C# ake yi mata umarni, kuma darussanta sun cika intanet. Ni dai da Godot zan ba ka shawara, domin kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma harshenta na GDScript ya yi kama da Python, wani sanannen harshen umarni, wajen sauƙin karantawa. Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na umarni ba, babu kunya ya yi mako biyu a kan Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubala.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar bidiyo. Mai koyarwa ya riga ya yi tuntuɓe ya gyara kafin ya kunna kyamara, saboda haka abin da kake gani shararriyar hanya ce, alhali wannan sana'a a wajen tuntuɓen ake koyonta. Ka ci gaba da kallo, amma ka sauya tsari. Ka kalli minti goma, ka rufe, ka sake gina abin da ka gani da kanka, kuma kada ka koma sai ka cije ka yi iyakar ƙoƙarinka. In ya yi aiki, ka sauya wani abu da mai bidiyon bai yi ba: ka ƙara wa ɗan wasan gudu, ko ka sa abokan gaba biyu a maimakon ɗaya. A nan ne za ka gane ko ka fahimci darasin ko kwafa kawai ka yi.

Batun babban gari kuwa, ka adana shi tukuna, domin irin waɗannan wasanni ɗaruruwan ma'aikata ne ke shafe shekaru a kansu. Ko Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya haɗa, sai da ya ci masa fiye da shekara huɗu kafin ya fito a 2016. Ka fara da Pong, wanda Atari ta fitar a 1972: sanda biyu, ƙwallo ɗaya, da maki a saman allo. A ido kamar ba komai, amma a cikinsa akwai karɓar umarni daga maɓallai, da motsi, da gane lokacin da abu biyu suka yi karo, da lissafin maki, da sake farawa idan an ci wasa, kuma babu wani babban wasa da ya wuce buƙatar waɗannan.

Bari in nuna maka irin abin da za ka tarar. Za ka rubuta cewa ƙwallo ta matsa ɗigo biyar a kowane hoto, ta yi tafiya daidai a kwamfutarka mai zana hoto 60 a daƙiƙa. Ranar da abokinka ya buɗe wasan a allo mai zana 144, sai ƙwallon ta yi gudun da ya ninka naka fiye da sau biyu. Maganinsa shi ne ka riƙa ninka gudun da ɗan lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, wanda Godot ke kira delta. Haka kuma za ka sa ɗan wasa ya yi tsalle sai ka ga ya nutse, saboda a wasanni masu shimfiɗaɗɗen hoto na Godot lambar da ke nuna matsayin abu tsakanin sama da ƙasa ƙaruwa take yi idan an gangara ƙasa. Wanda ya kwana yana neman dalilin irin wannan ba ya sake mantawa da shi. Idan jan rubutu mai nuna kuskure ya bayyana a ƙasan allo, ka karanta shi a tsanake, domin yawanci yana faɗin layin da matsalar take, sannan ka saba da duba littafin bayanin manhajar.

Kada zane da sauti su tsayar da kai. Murabba'i da da'ira sun isa, kuma shafin Kenney yana ba da hotuna kyauta. Bayan Pong ka yi Breakout, wasan fasa tubala da ƙwallo, sannan wasan tsalle mai mataki ɗaya, kowanne ka kai shi ƙarshe har da allon farawa da na kammalawa. Daga nan ka shiga gasar haɗa wasa cikin ƙayyadadden lokaci, irin Global Game Jam da ake yi tun 2009, inda ake gama wasa cikin awa 48, domin ƙurewar lokaci tana tilasta wa mutum yanke duk abin da ba dole ba.

Idan ka gama Pong ɗinka, ka miƙa wa wani ya buga, ka zauna a gefensa ka yi shiru, kana rubuta duk inda ya rikice. Ka gyara uku daga cikin abubuwan da ka rubuta, ka ɗora wasan a itch.io, shafin da masu haɗa wasa ke baje wasanninsu, sannan ka sake rubuto mana ka faɗa mana inda ya fi ba ka wuya, mu ɗora daga nan.