Landan zuwa Tokyo: jirgin kai tsaye ko mai yada zango a Doha?

Tambaya: Malam, zan raka mahaifiyata daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Haneda da ke Tokyo a watan Janairu. Tikitin kai tsaye ya nuna tashi ƙarfe 9 na safe, sauka ƙarfe 8 na safiyar washegari, wato awa 23, alhali nisan kusan kilomita 9,600 ne kawai. Akwai wani mai rangwame da ke yada zango a Doha. Wanne zan saya?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki ladan hidimar mahaifiya. Ki kwantar da hankalinki, tafiyar ba ta kai awa 23 ba. Kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da ake magana a kansa ne, kuma a lokacin hunturu Tokyo tana gaban Landan da awa 9. Idan kika cire su, awa 14 ce ta rage. Ɗan ƙaramin +1 da za ki gani kusa da lokacin sauka yana nufin kwanan wata ya canza.

Duk da haka kina da gaskiya da kika ga lissafin bai daidaita ba, domin jirgin da ke gudun kusan kilomita 900 a awa ya kamata ya cinye wannan nisa cikin awa 11 zuwa 12, kuma kusan haka ake yi a da. Kilomita 9,600 ɗin nan ma'aunin hanya mafi gajarta ce, wadda ta ratsa ta saman yankin Siberiya na ƙasar Rasha. Tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya a watan Fabrairun 2022, sai suka koma zagayawa, jiragen Japan ma suka bi sahu. Dawowa kuwa takan fi tsawo, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas take tafiya.

Ta Doha nisan zai haura kilomita 13,000, zaman cikin jirgi kaɗai kusan awa 17, ban da jiran jirgi na biyu. Ga matashi mai neman ragi, wannan ba laifi ba ne. Amma dattijuwa za ta sauko a gajiye, ta bi dogayen baranda, ta jira, sannan ta sake hawa wata tafiyar ta kusan awa 10. A ganina, muddin bambancin kuɗin bai fi ƙarfinki ba, ki sayi na kai tsaye, ki zaɓar mata kujerar gefen hanya domin ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa.

In kuwa dole ce ta sa a bi ta Doha, to tikiti ɗaya za ki saya tun daga Landan har Tokyo, domin idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sama muku wani. Ki bar aƙalla awa 2 tsakani, kuma ki nema mata keken guragu tun ranar yankan tikiti.